Reshe da Asali: Ko Kuskuren Hujja Laifi Ne?

A ranar 13 ga watan Agusta na shekarar 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta zauna a Abuja, ta yanke shawarar dakatar da kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha na Gwamnatin Tarayya har tsawon shekara bakwai. Da yake bayyana wa manema labarai dalili, Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya kawo waɗansu alƙaluma masu sa mutum ya riƙe baki. Ya ce a shekarar da ta gabata jami'o'i 199 ne kowacce ba ta sami ɗalibai ɗari da suka nemi shigarta ta hannun Hukumar JAMB ba, 34 daga cikinsu kuwa ko mutum ɗaya bai neme su ba. Ya kuma ambaci wata jami'a ta Tarayya a Arewa mai ma'aikata 1,200 alhali ɗalibanta ba su kai 800 ba.

Abin da ya ja hankalinmu a nan ba yawan alƙaluman ba ne. Abin lura shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan makarantu da ta faɗo daga sama. Kowacce sai da wani ya zauna ya rubuta takardar neman kafa ta, ya jera hujjoji, kwamiti ya karanta, aka ɗaga hannu aka amince. Haka nan kowane ɗaya daga cikin ma'aikatan nan 1,200 sai da aka rubuta cewa ana bukatarsa. Ke nan kafin a yi asarar kuɗi, sai da aka fara yin asarar tunani. Tambayar da wannan maƙala ke son ta bi diddigi ita ce: mutumin da ya kawo gurguwar hujja, ko wanda ya karɓe ta bai auna ba, shin ya yi laifi ne ko kuwa kuskure kawai ya yi, irin wanda ake cewa ɗan'adam ajizi ne?

Kafin mu taɓa tambayar, ya kamata mu san yadda hujja ke gurgucewa, kuma ba sai mun je Turai aro ma'auni ba. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya ji yadda malaman usulu suka fasa ƙiyasi gida huɗu. Akwai asali, watau abin da aka riga aka san hukuncinsa. Akwai reshe, watau sabon abin da ake neman hukuncinsa. Akwai shi hukuncin kansa. Sannan akwai illa, watau dalilin da ya sa asali ya sami wannan hukunci. Ba a ɗaukar hukuncin asali a ɗora wa reshe don kawai sun yi kama a ido. Sai an tabbatar illar nan da ke cikin asali tana cikin reshe. In babu ita, ƙiyasin ya ɓaci, ko da wanda ya yi shi mai kyakkyawar niyya ne. Abin sha'awa, kalmar nan ta reshe ita ce dai 'yan kasuwa ke amfani da ita in za su buɗe sabon shago a wani gari, kuma sharaɗin bai canja ba.

Mu ƙaddara wani attajiri ne mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari a Kano, Allah ya buɗa masa, sai ɗansa da ya gama karatun harkar kasuwanci ya zo masa da shawara. Ya ce, "Baba, shagonmu na Kwari yana kawo riba. Mutanen Abuja sun fi na Kano kuɗi a hannu, kuma su ma suna sa shadda. Ga shi Alhaji Wane ya buɗe a Wuse ya yi arziki. Sabili da haka in muka buɗe reshe a can, ribarmu za ta ninka." Kowace jimla a cikin maganar nan tana iya zama gaskiya, amma "sabili da haka" ɗin nan ba ta da ƙafar tsayawa, domin ba a tambayi illa ba. Me ya sa shagon Kwari yake kawo riba? Wataƙila domin masu saye 'yan sari ne da ke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da ƙauyukan Arewa, suna kwasar kaya dila-dila. Wataƙila domin shagon na gado ne, ba a biyan haya. Wataƙila domin Alhaji da kansa yake zama a bakin shago tun hantsi har la'asar, ya san wanda zai ba bashi da wanda zai hana, ya san muryar mai zuwa taya da ta mai zuwa kallo. To, wanne ne daga cikin waɗannan zai hau mota ya bi kaya zuwa Abuja? A can mai saye yadi biyar yake so, ba dila ba. Mai shago yana neman kuɗin hayar shekara guda ko biyu a dunƙule kafin a sa mabuɗi. Yawancin jama'ar da ake gani cike da titi da rana ma'aikata ne da ke kwana a Nyanya da Mararaba da Kubwa da Suleja, waɗanda haya da kuɗin mota sun cinye albashinsu tun wata bai raba ba. Masu kuɗin da ake hange a Maitama da Asokoro kuwa, da yawansu in Salla ta matso Kanon suke aikawa a sayo musu. Sannan Alhaji ba zai rabu biyu ba; yaron shago ne zai zauna, zuwa da kai kuwa ya fi saƙo.

Saura batun Alhaji Wane, wanda shi ne ya fi kowace hujja daɗin ji, kuma ya fi kowacce yaudara. Gaskiya ne ya buɗe ya yi arziki, kuma dalilin da ya sa muka san labarinsa ke nan. Mutum nawa ne suka buɗe a shekarar da ya buɗe, suka karye, suka tattara komatsansu suka koma gida da dare? Kasuwa ba ta ajiye sunayen waɗannan. Allon shagonsu an goge an rubuta na wani. Wanda ya ƙidaya masu nasara kaɗai ya ce hanya lafiya, daidai yake da wanda ya tambayi waɗanda suka haye kogi ko ruwan yana cin mutane.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon ƙananan 'yan kasuwa ne waɗanda ba su yi boko ba. A watan Yuli na 2004 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka haɗe suka koma 25. Manufar tana da ma'ana, domin ƙananan bankuna sun sha rushewa da kuɗin mutane a shekarun 1990. To amma sai wata hujja ta tsiro a kan wannan, wadda ba ta cikin umarnin: tunda babban banki ya fi ƙarami ƙarfi, to duk abin da ya ƙara girman banki ya ƙara masa ƙarfi. Sai aka shiga tseren buɗe rassa a kowane lungu, har da ƙasashen waje, aka shiga sayar da hannun jari ga jama'a, bankuna suna ba mutane rance domin su sayi hannun jari, farashi na hawa, hawan farashin kuma ana kawo shi a matsayin shaidar cewa komai lafiya. Malamai da 'yan fansho da matan aure da yawa sun zuba ɗan abin da suka tara a wannan lokaci. Kasuwar hannun jari ta kai ƙololuwa a watan Maris na 2008, daga nan ta rikito. A ranar 14 ga Agusta 2009 sabon Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba naira biliyan 420 domin ceto su, kafin shekara ta ƙare kuɗin ceton ya kai biliyan 620. Waɗanda suka tsara wancan faɗaɗawa masu digiri ne. Abin da suka yi shi ne juya sababi da musabbabi: sun ga bankuna masu ƙarfi suna da rassa da yawa, sai suka zaci rassan ne suka kawo ƙarfin, alhali ƙarfin ne ya haifi rassan.

Yanzu bari mu dawo gida, domin wanzami ba ya son jarfa, kuma mu da ke cikin jami'a mun fi kowa iya ganin gurguwar hujja in ɗan kasuwa ne ya kawo ta. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin sashe ko na tsangaya ya san irin takardun da ke zuwa. Ɗaya takan ce: manyan jami'o'i irin su Ibadan da Ahmadu Bello suna da farfesoshi da yawa, saboda haka in muka ɗauki farfesoshi goma martabarmu za ta ɗaga. Wannan ita ce hujjar bankunan nan ta sake riga. Ibadan ta fara a 1948, Ahmadu Bello a 1962, kuma farfesoshinsu 'ya'yan itace ne da suka nuna a kan bishiyar da aka daɗe ana ba ruwa: ɗakin karatu mai littattafai, ɗakin gwaje-gwaje mai aiki, ɗaliban digiri na biyu da na uku, da shekaru na koyarwa da bincike. Wanda ya tsinko mangwaro ya ɗaura a jikin dogonyaro bai sami gonar mangwaro ba. Farfesan kimiyyar haɗa sinadarai da aka kai inda babu wuta babu kayan gwaji, abin da zai yi shi ne karanta wa ɗalibai tsohon littafinsa na darasi, kamar yadda ƙaramin malami zai yi a kan kuɗi kaɗan.

Akwai kuma tambayar da takardun nan ba su cika yi ba: daga ina za a ɗauko su? A 2011 Gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta kafa jami'o'in Tarayya tara, cikinsu har da na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Lafiya da Wukari, a 2013 ta ƙara na Gashuwa da Gusau da Birnin Kebbi. A tsakanin nan, a 2012, kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta domin tantance bukatun jami'o'in gwamnati ya gano cewa malamansu duka-duka 37,504 ne, kuma waɗanda ke da digirin dokta a cikinsu ba su kai rabi ba. Ana iya gina ɗakin lacca cikin wata goma sha biyu in akwai kuɗi, amma ba a ƙera malami mai digirin dokta cikin ƙasa da shekaru masu yawa bayan digirin farko. Sabili da haka kowace sabuwar jami'a da ta ce za ta ɗauki ƙwararru, ma'anar maganarta ita ce za ta ɗebo daga tsohuwa. Hujjar tana da kyau in jami'a ɗaya ce ta yi ta. In duka suka yi ta a lokaci guda, ta zama ƙarya, domin rijiya ɗaya ce ake ta ƙara mata guga. Sakamakon shi ne abin da kowa ya sani: malami guda yana cikin jerin ma'aikatan jami'o'i biyu ko uku a matsayin mai ziyara, rabin makonsa a kan titi, kowace jami'a kuma tana ƙidaya shi a matsayin mutum cikakke.

Wata takardar kuma da'ira take yi. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙayyade yawan ɗaliban da ya kamata malami guda ya riƙe, misali talatin a fannonin adabi da zamantakewa, goma a fannin likitanci. Sashe ya rubuta cewa ɗalibansa sun yi yawa, a ƙara malamai. An ƙara. Baɗi ya rubuta cewa tunda yana da malamai, a ƙara masa gurbin ɗalibai, ko a bar shi ya buɗe sabon kwas na maraice domin samun kuɗin shiga. An bari. Shekara ta uku takardar farko ta dawo da sabon kwanan wata. Kowace takarda ita kaɗai ba ta da aibi. Sai an jera su ake ganin cewa kowacce ta jingina ne da 'yar'uwarta, babu wadda ta taɓa ƙasa. (Ba mu shiga batun ɗaukar aiki domin ɗan wane ne ko ɗan garin wane ba. Wannan ba kuskuren hujja ba ne, domin mai yin sa ya san abin da yake yi. Hujjar da ya rubuta mayafi ce kawai.)

In ana neman a ga wanda ke biyan kuɗin irin wannan lissafi, Abuja ta taɓa nuna shi ƙarara. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988 ta fara karatu a Gwagwalada a 1990, ta buɗe fannonin likitanci da likitancin dabbobi da aikin gona da injiniya, kuma hujjar buɗe su ba ta da wuyar fahimta: ya za a ce jami'ar babban birnin ƙasa ba ta horar da likita ko injiniya? Amma a watan Afrilu na 2012 Ministar Ilimi ta lokacin, Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i, ta sanar da dakatar da fannonin guda huɗu saboda ba su cika sharuɗɗan amincewa ba. Ɗalibai suka fito suka tare hanyar filin jirgin sama. Daga baya an gyara, fannonin sun sami amincewa, suna yaye ɗalibai. Sai dai shekarun da suka zube daga rayuwar matasan da aka ɗauka kafin a shirya, babu majalisar da ta iya mayar musu da su.

A nan ne tambayarmu ta farko ta fara samun amsa. Malamai sun bambanta tsakanin wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen bincike sannan ya kuskure, da wanda ya yanke hukunci bai bincika ba. Na farko ba a zarginsa, domin gaibu ba a hannun kowa yake ba. Ɗan kasuwar da ya auna haya da masu saye da amanar yaronsa, sannan darajar naira ta faɗi ta karya shi, ba gurguwar hujja ce ta kashe shi ba. Na biyu kuwa ko da ya dace, sa'a ce ta cece shi. Ke nan laifin ba ya cikin sakamako, yana cikin tambayar da mutum ya san ya kamata ya yi amma ya ƙi yi domin yana tsoron amsarta. Mu a ganinmu yawancin gurguwar hujja ba daga ƙarancin basira take fitowa ba. Mai ita ya riga ya so abin, sannan ya aiki hankalinsa ya nemo masa dalili. Ɗan Alhaji yana son zaman Abuja. Shugaban banki yana son a ce nasa ya fi na kowa rassa. Shugaban sashe yana son a ce a zamaninsa aka zama tsangaya. Ɗan majalisa yana son allon jami'a a bakin garinsu kafin zaɓe.

Nauyin laifin kuma yana ƙaruwa gwargwadon nisan da ke tsakanin mai yanke shawara da mai ɗaukar asara. Alhajin Kwari in ya yi ƙiyasi marar illa, dukiyarsa ce za ta tafi, kuma wannan kaɗai yakan sa ya yi tunani sau biyu. Shi ya sa sau da yawa tsohon da bai yi boko ba yake fin ɗansa taka-tsantsan. Shugaban banki da kuɗin masu ajiya yake caca. Mu kuwa da ke zaune a kwamiti mun fi su duka nisa da wuta: albashinmu ba zai ragu ba ko shawarar ta yi kyau ko ta ɓaci, wa'adin shugaba zai ƙare ya tafi, wanda zai biya shi ne yaron da mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ya kawo shi. Daɗin daɗawa, al'adarmu ta kara da kunya, wadda ado ce a zaure, takan zama cikas a ɗakin taro. Babba ya gabatar da takarda, ƙaramin malami ya ga ramin da ke cikinta sarai, amma wanda ya gabatar shi ne ya koyar da shi, kuma shi zai sa hannu a takardar ƙarin girmansa. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, mun goyi baya." Ba mu ce tsoronsa ba shi da dalili ba. Amma a rubuce, sunansa yana cikin waɗanda suka amince.

Duk da haka adalci ya wajaba, domin mai ƙin faɗaɗawa shi ma yana da nasa guragun hujjoji, kuma sun fi wuyar ganewa saboda suna sanye da rigar hankali. Da a 1962 an ce sai Arewa ta tara isassun malamanta kafin a buɗe jami'a a Zariya, da an daɗe ana jira. Da malaman aro aka fara, kuma ta yi. Da a 1976 an ce dajin da ke tsakiyar ƙasa ba shi da titi ba shi da ruwa, da ba a ƙaura zuwa Abuja a 1991 ba. Wani lokaci reshe ne ke ƙirƙiro illarsa da kansa. Bambancin shi ne ko an yi tanadin lokaci da kuɗin da illar za ta tsiro, ko kuwa an ɗauka tana nan alhali babu.

Ita kanta shawarar Agustan 2025 ba ta fi ƙarfin wannan awo ba. A ƙasar da masu zana jarrabawar JAMB ke kusan miliyan biyu a shekara, kuma da yawansu ba sa samun gurbi, rashin masu neman wata jami'a ba ya nuna jami'o'i sun yi yawa; yana iya nuna tsadar kuɗinta, ko rashin tsaro a hanyarta, ko rashin kwas ɗin da ake so. Jami'o'in nan 199 sun haɗa da masu zaman kansu, dakatarwar kuwa a kan na Tarayya aka sanar da ita. Ma'aikata 1,200 ɗin nan ma sai an tambaya nawa ne malamai a cikinsu, nawa ne na ofis, domin maganin yawan na biyu daban yake da na farko. Kuma a zaman da aka yanke shawarar dakatarwar, majalisar ta amince da kafa sababbin jami'o'i tara masu zaman kansu, bisa dalilin cewa takardunsu sun daɗe suna jira kuma sun cika sharuɗɗa. Su ma tara ɗin nan malamai za su nema, kuma daga rijiyar nan guda za su ɗebo.